Ƙaramar mota ta hannu mai jan taya huɗu: wacce za a saya, kuma me za a fara taɓawa a jikinta?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya kamar haka: "Ina so in sayi ƙaramar mota ta hannu mai jan taya huɗu, in riƙa zuwa aiki da ita, ranakun hutu kuma in shiga daji inda babu kwalta, cikin rairayi da taɓo da duwatsu. Abokaina sun ce da zarar na saya in ɗaga ta sama, in sa mata manyan tayoyi da bamba ta ƙarfe da winci, wato na'urar igiya mai jawo mota idan ta kafe. Wace iri zan nema, kuma da wane gyara zan fara?"

Malam, abokanka sun lissafa maka abin da yake burge ido, amma daga ƙarshen aikin suka faro. Na shafe shekaru ina kwance irin waɗannan motoci ina ɗaurawa, ina kuma shiga daji da su, kuma abin da na fi yawan gani shi ne mutum ya sayi mota mai ciwo saboda arha, ya zuba sauran kuɗinsa a kayan ƙarfe, sannan ranar da ya fara fita tsohon tiyon lagireto ya fashe ya bar shi a tsakiyar dokar daji tun bai ga dutsen farko ba. Arzikin ƙaramar mota shi ne rashin nauyinta da gajartarta. Inda mai tan biyu da rabi take nutsewa a rairayi, wadda ba ta wuce tan ɗaya da 'yan kai ba takan bi ta sama ta wuce, in ma ta kafe mutum uku sun isa su turo ta. Saboda haka duk gyaran da zai ƙara mata nauyi ko tsawo, daga wannan arzikin yake ci, kuma sai an tabbatar ribarsa ta fi asararsa kafin a yi shi.

Da farko ka sani ba kowace mota da aka rubuta wa 4WD a bayanta ce motar daji ba. Abin da zai raba maka su shi ne giyar ƙarfi, wato wadda ake gani an rubuta 4L a jikin ƙaramin liba ko maɓalli. Wannan giya tana cikin wani ƙaramin giyabos na biyu da ake kira tiransifa, mai raba ƙarfin injin tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma aikinta shi ne ta rage gudu kusan rabi ta ninka ƙarfin ja kusan biyu. Da ita ne ƙaramin inji yake hawa tudu mai duwatsu a hankali kamar tafiyar ƙasa ba tare da direba ya ƙona kuloci ba, da ita ne kuma ake saukowa gangare injin yana riƙe motar ba sai an taka birki ba. Toyota RAV4, wadda ta fito a 1994, da Daihatsu Terios ta 1997 motoci ne masu kyau a hanyar burji, amma ba su da wannan giya, don haka ba su dace da abin da ka bayyana ba.

Abu na biyu shi ne ginin motar. Wadda aka ɗora bodinta a kan shasi mai siffar tsani ta fi jure murɗewa idan taya ɗaya tana rami ɗaya tana kan tudu, kuma ta fi sauƙin ɗaura wa kaya. Na uku shi ne aksil ɗin gaba: idan miƙaƙƙen ƙarfe ɗaya ne daga taya zuwa taya, duk lokacin da taya ɗaya ta hau dutse sai ta ɗaga tsakiyar aksil ɗin tare da ita, ta kuma danne ɗayar a ƙasa. Abin da ake biya a madadin wannan shi ne girgiza da rashin daɗin tuƙi a kan kwalta.

Motar da ta haɗa waɗannan ukun a ƙaramin jiki, wadda kuma zan fara nuna maka, ita ce Suzuki Jimny da danginta. Asalinta LJ10 ce ta 1970, mai inji cc 359 kacal. Daga baya aka yi SJ410 a 1981, sai SJ413 mai inji lita 1.3, wadda aka fi sani da Samurai a Amurka da wasu ƙasashe. Waɗannan tsofaffin galibinsu sifirin ganye gare su, gyaransu ba wuya, amma yau shekaru sun ja musu, kuma zuwa aiki da su kullum sai mai haƙuri. Zubi na uku, wanda aka ƙera daga 1998 zuwa 2018, shi ne a ganina ya fi dacewa da kai: sifirin murɗaɗɗe gaba da baya, inji lita 1.3, kayan gyara a wadace saboda shekara ashirin da aka yi ana ƙera shi. Na farko-farkonsa injin G13BB ne da su, mai amfani da bel na taimin da ake canzawa lokaci-lokaci, na baya kuma M13A ne mai sarƙa. Zubi na huɗu ya fito a 2018 da inji lita 1.5, kuma in aljihunka zai kai gare shi babu abin kushewa. Ka lura da waɗanda aka yi wa kasuwar cikin Japan da inji cc 660 mai turbo, wato na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska: suna aiki a daji, sai dai a babbar hanya injin kullum cikin wahala yake.

Idan ba ka sami Jimny ba, akwai Suzuki Vitara ta farko, wadda ta fito a 1988 da inji lita 1.6, aka kuma sayar da ita da sunayen Escudo da Sidekick da Geo Tracker. Tana da shasi da giyar ƙarfi, ta fi daɗi a kwalta, amma tayoyin gabanta kowace da nata hannun, saboda haka ɗaga ta yana da iyaka. Akwai Lada Niva ta Rasha da ake ƙerawa tun 1977, akwai kuma Jeep Wrangler, musamman TJ ta 1997 zuwa 2006, ko da yake ita ta fi waɗancan nauyi da shan mai. Kafin ka tsayar da zaɓi, bincika wacce ce kayan gyaranta suke samuwa a inda kake, domin motar daji dole wata rana wani abu ya karye.

Yanzu ga inda ya kamata ka ɓata lokacinka, wato ranar duba motar. Ka tafi da tocila da ƙaramar guduma da tabarmar da za ka kwanta a kai, ka fara daga ƙasa kafin ka kalli fenti. Inji idan ya gaji ana sake shi, giyabos ana gyarawa, amma shasin da tsatsa ta cinye shi ne ƙarshen mota. Ka bi shasin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen ƙarfe ƙararsa tas take, wanda ya ruɓe kuwa ƙararsa a dushe take, wani lokaci har ɓarɓashi ya zubo. Ka fi mai da hankali inda sifirin da hannuwan aksil suke kama shasi, da inda bodi yake zaune a kansa. A Jimny ta 1998 zuwa 2018 wuraren da tsatsa ta saba ɓoyewa su ne ƙarƙashin kujerun baya da daɓen but da bayan fitilun gaba. Motar da ta zauna a ƙasashen da ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, ko a bakin teku, ita ce ta fi shiga wannan haɗari. Idan ka ga an shafe ƙarƙashin motar da sabon baƙin fenti mai kauri, ka tambayi kanka me ake rufewa.

Daga nan ka nemi alamun irin rayuwar da ta yi. Busasshiyar laka a cikin ramukan shasi ko ƙarƙashin kafet, da loɓawa a tukunyar aksil, suna nuna ta sha daji. Ka roƙi a kwance notin da ake zuba man aksil ka taɓa da yatsa: idan man ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shige shi, kuma boris da haƙoran ciki sun daɗe suna ci. Haka za ka duba murfin baƙin mai da ruwan lagireto, saboda alamar gaskit da ya ƙone. Ka sa a ɗaga gaban motar da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana wasa, ko boris ɗin taya ne ko na kimfin, wato boris biyun da kan aksil yake juyawa a kansu. Lalacewarsu sanannen ciwo ne a Jimny, kuma shi ne yawanci yake sa sitiyari ya kama kakkarwa mai tsanani idan gudu ya kai wajen kilomita 70 zuwa 90 a sa'a. Gyaran ba mai tsada ba ne, amma hujja ce ta neman ragi.

Kada ka yarda da fitilar da take kamawa a dashbod a matsayin shaidar cewa taya huɗun suna ja. A Jimny ta zubi na uku iska ce take kulle tayoyin gaba da aksil ta wasu siraran tiyo, kuma idan suka tsufa suka fara yoyo sai ka ga an sa 4WD amma na baya kaɗai suke aiki. Ka kai motar kan ƙasa mai laushi ko tsakuwa, ka sa 4H, wato jan taya huɗu ba tare da giyar ƙarfi ba, sannan 4L, wani ya tsaya a gefe ya ga ko na gaba suna tono. A kan ƙasa kawai za ka yi wannan gwaji. Yawancin waɗannan motoci ba su da difaranshal a tsakiya, wato haƙoran da suke barin tayoyi su juya da gudu daban-daban, don haka idan aka sa taya huɗu a busasshiyar kwalta, na gaba da na baya ba sa samun damar bambanta gudunsu a kwana, sai ƙarfin ya taru a furofela da tiransifa har wani abu ya balle. Niva ce ta fita daban, domin ita kullum da huɗu take ja, kuma tana da difaranshal na tsakiya mai makulli.

Idan aka ajiye maka biyu, ɗaya yadda ta fito daga kamfani, ɗaya an riga an ɗaga ta an sa mata komai, ni ta farkon zan ɗauka ko da farashinsu ɗaya ne. Wanda ya kashe kuɗi ya ɗaga mota ya yi ne don ya wahalar da ita, kuma ba ka san hannun da ya yi waldar ko ya ja wayoyin ba.

To ka saya. Gyaran farko ba ya fitowa a hoto: canza baƙin mai da man giyabos da na tiransifa da na aksil biyu, sabon ruwan lagireto da man birki, filtoci da fulogogi, duk tiyon da ya yi tauri ko ya kumbura, bel na taimin idan injin mai bel ne kuma ba ka da tabbacin ranar da aka canza shi, sai bushin da shokobzoba da suka mutu. Ka ware wa wannan kaso mai tsoka tun kafin ciniki. Bayansa ka fita da ita yadda take sau biyar ko shida, kana lura da ainihin abin da yake tsayar da kai: cikinta ne yake dukan ƙasa, ko taya ce take santsi, ko kuwa hannunka ne bai faɗa ba tukuna. Sau da yawa na ukun ne, kuma wannan ba a sayar da maganinsa a shago.

Taya ita ce canjin da ya fi kowane amfani, kuma a nan ne aka fi wuce gona da iri. Bari in ba ka lissafi. Jimny ta zubi na uku da taya 205/70 R15 take zuwa, tsayinta kusan milimita 668. Idan ka koma 215/75 R15, tsayin ya zama kusan 703, ƙarin kashi 5 cikin ɗari ke nan, amma cikin motar da milimita 18 kawai zai ƙara nisa da ƙasa, domin rabin ƙarin ne yake ƙarƙashin aksil. Idan ka haura zuwa 235/75 R15, mai kusan milimita 733, ka sami ƙarin milimita 33 na nisa da ƙasa, sai dai ka tsawaita duk giyoyinka da kusan kashi 10 cikin ɗari. A babban inji wannan ba komai ba ne, a lita 1.3 kuwa yana nufin giya ta biyar ta kusa zama ado, giyar ƙarfin ta rage ƙarfi, birki ya ƙara nisan tsayawa, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure da wata 'yar 1.3 tawa: na sa mata tayoyin da suka fi ƙarfinta, cikin wata kaɗan kuloci ya ƙone, daga baya kuma jointin aksil na gaba ya fashe a kan wani tudu lokacin da tayar da take juyawa a iska ta dira ƙasa da ƙarfi. Duk wanda ya nace sai manyan tayoyi, to ya haɗa da kuɗin canza haƙoran tiransifa ko na aksil a lissafinsa.

Tunda da ita za ka riƙa zuwa aiki, tayar da ake rubuta wa AT, mai yin kwalta da daji, ta fi maka MT mai manyan ƙusoshi, wadda ta fi a taɓo amma tana da ƙugi, ba ta kuma kama jiƙaƙƙiyar kwalta sosai. Ka guji masu kaurin gefe da aka yi wa manyan motocin ɗaukar kaya, domin mota marar nauyi ba ta iya lanƙwasa su. Lanƙwasawar nan kuwa ita ce sirrin rairayi: idan ka rage iska zuwa wajen psi 15 zuwa 18, sawun tayar yana ƙara tsawo, motar ta daina tono ta koma shawagi. Wannan dabara ta fi ɗaga mota amfani a yashi nesa ba kusa ba, kuma abin da take bukata kawai ma'aunin iska ne da ƙaramin famfo mai aiki da batir, don ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta. Gudu da taya mai ƙarancin iska yana zafafa ta har ta fashe.

Game da ɗagawa, akwai abin da masu sayar da kaya ba su cika faɗa ba. A mota mai miƙaƙƙen aksil, dogon sifirin yana ɗaga bodi da shasi ne kawai, tukunyar aksil kuwa, wadda ita ce mafi kusa da ƙasa, tana nan inda take. Taya ce kaɗai take ɗaga ta. Amfanin ɗagawa shi ne samar wa taya wurin motsi da hana hanci da ciki da wutsiya dukan tudu. Milimita 40 zuwa 50 ya isa. Ko a wannan ma sai an duba tsawon tiyon birki, da sandar Panhard da take riƙe aksil a tsakiya, da kusurwar kasta, wadda idan ta ragu sitiyari yake daina komawa tsakiya da kansa motar ta riƙa yawo a hanya. Da zarar an wuce haka, furofela da sitiyari duk sai an bi su da gyara. Sannan gajeriyar mota mai ƙunci, irin Jimny ta zubi na uku da tazarar tayoyinta na gaba da na baya milimita 2,250 ce kawai, duk tsawon da aka ƙara mata kusantar da ita ga kifewa yake yi. A 1988 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce Samurai tana da saurin kifewa a kaucewar gaggawa. Suzuki ya musanta, ya kai ƙara a 1996, aka sasanta a 2004. Ko ma wane ne yake da gaskiya, a kan motar da ba a taɓa ba aka yi wannan jayayya, balle wadda aka ƙara wa tsawo aka kuma ɗora wa kaya a ka.

Nauyi ma lissafi ne. Jimny ta 2018 nauyinta kusan kilo 1,100 ne, iyakar abin da aka yarda ta kai da kaya da mutane kuma kilo 1,435. Ka cire manya biyu, ka cire bamba ta ƙarfe da winci da za su iya cin kilo 50 ko 60 a can gaban aksil, ka ga abin da ya rage wa ruwa da kayan aiki da guzuri. Rufinta kuwa kilo 30 kawai aka yarje masa, har da nauyin marikin kayan kansa, don haka tanti da jarkokin mai a sama ba nata ba ne. Abin da ya cancanci nauyinsa shi ne farantin ƙarfe mai kare tiransifa da sandunan sitiyari, da tsawaita bututun numfashin aksil zuwa sama. Wannan na ƙarshen aiki ne mai arha ƙwarai: aksil mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi iskar cikinsa takan tsuke ya zuƙo ruwa, wanda shi ne asalin farin man da na ce ka duba. Bututun shaƙar iska da ake ɗaurawa a gefen gilashi yana kare inji daga shan ruwa, amma bai mai da motar kwalekwale ba, kuma marar nauyi ruwa mai gudu yana saurin ɗauke ta.

Idan bayan duk wannan ka ga abin da yake tsayar da kai shi ne taya ɗaya ta tashi sama tana juyawa ɗayar tana tsaye, to lokacin makullin difaranshal ya yi, wato abin da yake tilasta wa tayoyin biyu su juya tare. Ka sa shi a baya, irin wanda ake kunnawa a kashe, domin na gaba yana taurara sitiyari yana kuma karya jointi. Jimny ta 2018 tana da na'urar da take kama tayar da ke santsi da birki, wadda take rage bukatarsa sosai. Kafin kowane babban canji kuma ka duba dokar ƙasarka da sharuɗɗan inshorarka, saboda wasu ƙasashe sun iyakance ƙarin tsawo da girman taya.

Saura winci. A wurina shi ne na ƙarshe a layi, bayan shebur da allunan da ake sa wa taya a rairayi da katakon ɗora jak da igiyar ja mai ƙarfin da ya dace da motar. Kafin igiyar ma sai ka sa maɗaurai na ainihi da aka ɗaure a shasi da manyan notuna, gaba da baya. Ƙananan zobban da suke zuwa da mota yawanci don ɗaure ta a jirgi ko tirela aka yi su, ƙwallon jan tirela kuwa kada ka taɓa rataya masa igiyar fizga, domin idan ya tsinke tashi yake kamar harsashi, kuma ya sha kashe mutane. Lokacin ja kowa ya matsa nesa fiye da tsawon igiyar. Idan kana fita da mota biyu, wanda shi ne daidai, za ka daɗe ba ka bukaci winci ba. In kuwa ka ga lallai sai da shi, ƙa'idar da aka saba bi ita ce ƙarfinsa ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na cikakken nauyin motar, wato wajen kilo 2,200 ga Jimny, ka zaɓi mai igiyar roba maimakon ta ƙarfe saboda sauƙin nauyi, ka kuma tabbatar batir da altaneta lafiyarsu ƙalau kafin a ɗaura shi.